Kimiyyar Hawan Igiyar Ruwa: Dalilin Fara Koyo Da Ƙananan Igiyoyi

Hawan igiyar ruwa wasa ne da mutum ke kwanciya rub da ciki a kan wani dogon allo mai yawo a bisa ruwa, ya tuƙa shi da hannuwansa har igiyar teku ta ɗauke shi, sa'annan ya miƙe tsaye, igiyar ta yi ta tafiya da shi zuwa gaɓa. Hotunan da aka fi nunawa a talabijin su ne na gwanaye suna gangarowa daga kan igiyoyi masu tsayin gidan bene. Babu ɗaya daga cikin waɗannan gwanaye da ya fara daga nan. Kowannensu ya soma ne a cikin ruwa iya ƙugu, a kan igiyar da ba ta wuce gwiwa ba, kuma galibi tare da abokai biyu ko uku da ke yi masa dariya in ya faɗi, suna kuma lura da shi kada ruwa ya ja shi. Wannan tsari na koyo yana da hujja a kimiyya, kuma ɗalibin da ya san ɗan lissafi zai iya gano hujjar da kansa ko da bai taɓa ganin teku ba.

Wasan ya fi shahara da mutanen tsibiran Hawayi da ke tsakiyar Tekun Fasifik, inda a zamanin da sarakuna ke hawa alluna na itace masu tsawon da ya haura mita 4. Wani ɗan tsibirin, Duke Kahanamoku, wanda ya ci lambar zinariya ta ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912, shi ne ya yi fice wajen yaɗa wasan a duniya, har ya nuna shi a wata gaɓa kusa da birnin Sidni na Ostareliya a ƙarshen 1914. Afirka ta Yamma ma tana da nata tarihin. Wani matafiyi Bature mai suna James Alexander ya rubuta cewa a cikin shekarun 1830 ya ga yara a gaɓar Akra suna shiga teku da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu, su jira igiya ta kawo su tudu. An shigar da wasan cikin gasar Olamfik a karo na farko a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021.

Abin da ke tafiya a cikin igiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar shinkafa ko ta alkama lokacin da iska ke kaɗawa ya ga wani abu kamar tudu yana ratsa gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Shukar ba ta bar wurinta ba. Sunkuyawa kawai ta yi ta miƙe. Haka igiyar teku take. Idan aka jefa ɓawon ƙwarya a tsakiyar ruwa mai zurfi, za a ga igiya ta ɗaga shi sama, ta ɗan kai shi gaba, ta sauke shi, ta komo da shi baya, ya zagaya ya dawo kusan inda yake. Abin da ya wuce gaba shi ne ƙarfin da iska ta zuba wa ruwan, wato makamashi.

Iska ce uwar kusan dukkan igiyoyin da ake hawa. Girman igiya ya dogara ne a kan abubuwa uku: ƙarfin iskar, tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da kuma faɗin ruwan da ta ratsa ba tare da wani shinge ba. Wannan na uku shi ne dalilin da ya sa madatsar ruwa ta Tiga ko tafkin Kainji ba za su taɓa haifar da irin igiyar Tekun Atilantika ba, komai ƙarfin hadarin damina. A daidai inda guguwa ke kaɗawa a tsakiyar teku igiyoyin a hargitse suke, manya da ƙanana a cakuɗe. Yayin da suka bar wurin suka kama doguwar hanya, sai su tantance kansu: masu dogon zango su yi gaba domin sun fi sauri, gajeru su tsaya baya ko su mutu a hanya. Abin da ke isa gaɓa mai nisa shi ne jerin igiyoyi masu santsi, ɗaya na bin ɗaya a tsare. A 1963 masanin teku Walter Munk da abokan aikinsa sun kafa tashoshin awo a faɗin Tekun Fasifik, suka bi sawun igiyoyin da guguwar yankin Antatika ta tayar har suka iso gaɓar Alaska, tafiyar da ta haura kilomita 10,000.

Masana suna auna igiya da tsayinta, wato daga kwarinta zuwa ƙololuwarta, da kuma yawan sakan da ke tsakanin wucewar ƙololuwa ɗaya da mai bi mata. A cikin ruwa mai zurfi, idan aka ninka wannan adadin sakan da 1.56 za a sami saurin igiyar a mita cikin sakan ɗaya. Alal misali, igiyar da ke da sakan 10 tsakaninta da 'yar'uwarta tana gudun mita 15.6 a sakan, wato kimanin kilomita 56 a awa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙololuwa biyu ta kai mita 156. Babu ɗan Adam da zai iya kama irin wannan igiya da tuƙin hannu. Sai ta rage gudu tukuna, kuma ƙasan teku ce ke sa ta rage.

Inda igiya ke karyewa

Da zarar zurfin ruwa ya ragu ya kai rabin tazarar da ke tsakanin ƙololuwa biyu, sai igiya ta fara jin ƙasa. Daga nan gudunta ke raguwa, na baya su matso kusa da na gaba, ruwan ya taru ya yi tsayi. A cikin ruwa marar zurfi lissafin gudun igiya ya sauya, zurfin ne kaɗai ke iko da shi. Ana ninka zurfin a mita da 9.8, wanda shi ne ma'aunin ƙarfin janyowar ƙasa, sa'annan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan amsa. A zurfin mita 1 amsar ita ce kimanin mita 3.1 a sakan, wato wajen kilomita 11 a awa, gudun mai keke da ba ya gaggawa. A zurfin mita 4 kuwa gudun ya ninka, ya kai wajen kilomita 22 a awa.

Igiya takan karye ne idan tsayinta ya kai kusan kashi 4 cikin 5 na zurfin ruwan da take ciki. Wannan ƙa'ida tana gaya wa mai koyo abubuwa biyu a lokaci guda. Igiya mai tsayin rabin mita za ta karye a ruwan da bai fi santimita 65 ba, inda mutum zai tsaya da ƙafafunsa ruwan na iya cinyarsa, kuma gudunta a wurin bai wuce kilomita 9 ko 10 a awa ba. Igiya mai tsayin mita 3 kuwa a ruwa mai zurfin kusan mita 4 take karyewa, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, kuma gudunta ya fi ninki biyu na ƙaramar.

Bambancin ya fi haka girma idan aka dubi ƙarfi. Makamashin da ke cikin igiya yana ƙaruwa ne da tsayinta a ninke da kansa. Idan tsayi ya ninka sau 2, ƙarfi ya ninka sau 4. Igiyar mita 3 ta fi ta rabin mita tsayi sau 6, saboda haka ta fi ta ƙarfi sau 36. Ya kamata kuma a tuna cewa ruwa abu ne mai nauyi ƙwarai: akwatin da ke da mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi, in aka cika shi da ruwan teku, nauyinsa ya kai kilo 1,025, wato fiye da buhu 20 na siminti. Wanda babbar igiya ta faɗo wa a ka, irin wannan kaya ne aka sauke masa, kuma ba akwati ɗaya ba.

Sai dai ƙanƙanta kaɗai ba ta isa ba. Yadda igiyar ke karyewa ma abin dubawa ne, kuma siffar ƙasan teku ce ke yanke wannan hukunci. Inda ƙasa ke gangarawa a hankali, har mutum ya yi tafiyar mita 50 cikin ruwa bai wuce ƙirjinsa ba, igiya takan karye ne sannu a hankali. Kumfa ya fara ɓullowa a ƙololuwarta, ya riƙa zubowa ta gabanta, ta yi ta sakin ƙarfinta kaɗan kaɗan a tsawon tafiya mai nisa. Wannan ita ce igiya mai taushi, kuma ita ce makarantar mai koyo, domin tana ba shi sakan da yawa na miƙewa da gyara tsayuwa. Inda ƙasa ta tashi farat ɗaya kuwa, kamar a kan dutsen murjani ko tudun yashi mai tsini, gindin igiyar yakan tsaya cak yayin da kanta ke ci gaba da gudu, sai ta lanƙwaso ta yi baka, ta fāɗi gaba ɗaya a wuri guda. Gwanaye suna son wannan, kuma irinta ce ake samu a Teyahupo'o na tsibirin Tahiti, inda aka yi gasar Olamfik ta 2024. Ga mai koyo kuwa haɗari ce ko da ƙarama ce, musamman wadda ke fāɗawa kai tsaye a kan yashin gaɓa, domin tana iya buga mutum da ƙasa ta ji masa rauni a wuya ko kafaɗa.

Wuraren da suka yi suna wajen koyarwa duk suna da wannan gangare mai sauƙi ko kuma wani shinge da ke rage ƙarfin teku. Waikiki a Hawayi na daga cikinsu, haka Muizenberg kusa da birnin Kef a Afirka ta Kudu, da Busuwa a yammacin Gana. A Legas akwai gaɓar Tarkwa, wadda ake zuwa da jirgin ruwa, inda katangar duwatsu ta mashigar tashar jiragen ruwa ke tare wani ɓangare na ƙarfin Atilantika. Yawancin sauran gaɓar wannan yanki tana da tsini da ruwa mai ja, kuma ba wurin koyo ba ce.

Allo da jikin mai hawa

Ƙa'idar Arkimidis ta ce duk abin da aka sa a ruwa, ruwan zai tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Lita 1 ta ruwa nauyinta kusan kilo 1 ne. Saboda haka allon da girmansa ya kai lita 80 zai iya ɗaukar kusan kilo 80, har da nauyin kansa, kafin ya nutse gaba ɗaya. Allunan masu koyo sukan kai tsawon mita 2 da rabi, masu faɗi da kauri, kuma ana yin su da wani irin soso mai tauri domin kada su ji wa mutum ciwo in sun buge shi. Allon gwani na gasa bai fi lita 25 zuwa 30 ba; idan ya zauna a kansa a ruwa, allon nutsewa yake yi.

Amfanin babban allo ya wuce hana nutsewa. Kafin igiya ta ɗauki mutum, dole gudun allonsa ya kusanci nata. Gwanin ninƙaya na Olamfik ma da ƙyar yake wuce mita 2 a sakan, mai koyo kuwa bai kai haka ba. Dogon allo yana kwance a saman ruwa, ruwa ba ya riƙe shi sosai, don haka ɗan tuƙi kaɗan ya ishe shi ya kama gudu. Lokacin da igiya ta iso ta baya ta ɗaga wutsiyar allon, sai allon ya zama yana kan gangare, ƙarfin janyowar ƙasa ya fara jan sa ƙasa ta fuskar igiyar. Mai hawa yana gangarowa ne daga tudu, amma tudun da kansa yana tafiya gaba, shi ya sa gangaren ba ya ƙarewa sai igiyar ta mutu.

Wurin kwanciya a kan allo yana da muhimmanci. Wanda ya matsa gaba da yawa, hancin allon zai nutse, ya wuntsila. Wanda ya ja baya da yawa, wutsiyar za ta nutse ta zama birki, igiyar ta wuce ta bar shi. Bayan allon ya kama gudu ne ake miƙewa: a dafa tafin hannu biyu a kusa da ƙirji, a ɗaga jiki, a jawo ƙafafu ƙarƙashinsa, ɗaya gaba ɗaya baya, jiki na fuskantar gefe. Ana buɗe ƙafafu, ana kuma lanƙwasa gwiwa, domin cibiyar nauyin jiki ta sauko ƙasa, kamar yadda ɗan kokawa ke yi don kada a kā da shi. Allon da ke gudu ya fi wanda ke tsaye daidaituwa, tamkar keke, domin ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashinsa yana tokare shi. Masu koyarwa sukan nace a dubi gaba, kada a dubi ƙafa. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana haɗa saƙon ido da na wasu 'yan bututu masu ruwa da ke cikin kunne kafin ta san ko jiki ya karkata. Idon da ke kallon gaɓa yana da abin da ke tsaye da zai gwada da shi, wanda ke kallon allo mai rawa kuwa ba shi da shi.

Wannan haɗin kai tsakanin ido da kunne da tsoka ba ya samuwa sai da maimaici. A wurin ƙananan igiyoyi, inda ake komawa da ƙafa, mai koyo zai iya gwadawa sau da yawa cikin awa ɗaya, kuma kowace faɗuwa ba ta wuce jiƙewa da shan ɗan ruwan gishiri ba.

Aikin abokai

Haɗarin da ya fi kashe mutane a gaɓar teku ba ya kama da haɗari a ido. Kowace igiya tana tara ruwa a bakin gaɓa, kuma dole ruwan nan ya koma. Sau da yawa yakan sami wata kafa a tsakanin tudun yashi biyu, ya bi ta nan ya koma teku kamar ƙorama. Wannan shi ne ruwa mai ja. Yawanci gudunsa kimanin rabin mita ne a sakan, amma an auna wanda ya kusa mita 2 da rabi a sakan, gudun da ya fi na kowane mai ninƙaya a duniya. A Amurka, fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da masu ceto ke tsamowa a gaɓoɓi masu igiya, wannan ruwa ne ya ja su. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin yakan fi ko'ina lafawa: da yake ya fi zurfi, igiya ba ta karyewa a cikinsa, sai a ga wani layi mai duhu ba kumfa, a zaci nan ne wurin aminci.

Ruwa mai ja ba ya dannar mutum ƙasa. Nesanta shi yake yi da gaɓa. Abin da ke kashewa shi ne firgita da gajiyar kokawa da shi. Wanda ya faɗa ciki ya riƙe allonsa, kada ya sake shi, ya tuƙa ta gefe, wato ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga magudanar, wadda galibi ba ta da faɗi sosai, sa'annan ya bar igiya ta kawo shi tudu. In ya kasa, ya kwanta a kan allon ya ɗaga hannu ɗaya sama. Ɗaga hannu kuwa ba shi da amfani sai da idon da ke kallo. Shi ya sa masu koyarwa ba sa yarda mai koyo ya shiga teku shi kaɗai, kuma ba sa karɓar wanda bai iya ninƙaya ba, domin igiyar roba da ke ɗaure allo da idon sawu tana iya tsinkewa. Abokin da ya ga ɗan'uwansa cikin matsala ya fara kiran masu ceto, kuma kada ya shiga ruwa hannu rabbana ba tare da allo ko wani abu mai yawo ba. Sau da yawa mai zuwa ceto ne ake rasawa.

Akwai kuma wani ruwa da ke tafiya a hankali ta tsawon gaɓa, saboda igiyoyi sukan iso a karkace. Wanda ke cikin ruwa ba ya jin yana matsawa, sai ya waiga ya ga ya yi nisa da inda ya ajiye kayansa. Abokai sukan zaɓi wata alama a tudu, kamar bishiyar kwakwa ko rumfa, su riƙa tuna wa juna.

Taimakon abokai bai tsaya ga tsaro ba. A kwanakin farko, wanda ya ɗan iya yakan tsaya a bayan allon, ya tura shi daidai lokacin da igiya ta iso, ya ba shi gudun da hannun mai koyo bai iya bayarwa ba tukuna. Na tudu kuma yana ganin abin da mai hawa ba ya gani, ko ya kwanta gaba da yawa ko kuma yana kallon ƙafarsa. Sai dai taro ma yana da nasa haɗari, domin allon da ya kuɓuce yana iya buge na kusa. Don haka ake barin tazara mai yawa tsakanin juna, ake kuma bin ƙa'idar da masu wasan suka amince da ita a ko'ina: igiya ɗaya, mutum ɗaya, kuma wanda ya fi kusa da inda ta fara karyewa shi ke da ita. In an fāɗi, a fāɗi a kwance, kada a yi tsalle da ka cikin ruwa marar zurfi, a kuma rufe kai da hannuwa kafin a ɗago.

Lokacin shiga ruwa ma lissafi ne. Da safe ƙasa ta fi teku sanyi, iska na tasowa daga tudu zuwa teku, ta tokare fuskar igiya ta sa ta yi santsi. Da rana ƙasa ta yi zafi, iska ta juyo daga teku, ta hargitsa ruwan. Teku kuma tana cika ta janye kusan sau biyu a yini, kuma kowane sauyi yana canza zurfin da ke kan yashi, da shi kuma inda igiya ke karyewa. A gaɓar Afirka ta Yamma manyan igiyoyi sun fi zuwa ne tsakanin Afrilu da Oktoba, lokacin da guguwar sanyi ke kaɗawa a kudancin Atilantika. A watannin Disamba da Janairu teku takan lafa, iskar hunturu kuma, wadda ta ratso Hamadar Sahara ta busar da leɓɓan mutanen Agadas da Kano, takan isa gaɓa tana kaɗawa daga tudu zuwa teku, irin iskar da mai koyo ke bukata.

Gwaji a cikin aji

Malami zai iya nuna yawancin wannan bayani da kwalbatin roba ko dogon kwami na shayar da dabbobi. A zuba ruwa zurfin santimita 10, a tara yashi a ƙarshe ɗaya ya yi gangare mai sauƙi, a sa ɗan guntun toto a tsakiya. Ɗalibi ɗaya ya riƙa tura faffaɗan katako gaba da baya a ɗaya ƙarshen, a hankali kuma a tsare. 'Yan aji za su ga toton yana hawa da sauka a wurinsa a inda ruwa ke da zurfi, su kuma ga igiyoyin suna matsowa kusa da juna yayin da suka hau yashin. Daga nan a tattara yashin ya yi tsini a sake gwadawa, a kwatanta yadda ruwan ke fāɗawa. A ƙarshe a yi ɗan tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, a yanke masa kafa a tsakiya da yatsa, a ɗiga shuni ko tawada a bakin gaɓar, a ci gaba da tura katakon. Launin zai tattaru ya bi ta kafar ya koma wajen zurfi, kuma ɗalibai za su iya auna gudunsa da ma'aunin tsawo da agogo.